Shin talaka na da ta cewa a kan gubar da ake zuba wa wake?

Malam, ka tambaya ko kare abinci daga guba aikin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ne kaɗai, mu masu saye sai kallo. A ganina, da sake.

Ɗauki wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar sinadarin dichlorvos, wanda ke cikin maganin ƙwari na Sniper. Jami'i ba zai kwana a shagon ɗan kasuwa ba, amma ɗan dakon da ke sauke buhuna ya san wanda aka yi wa feshi, haka uwargidan da ta buɗe mudu wari ya doki hancinta. Hotunan bidiyon da mutane suka yaɗa a 2018, na masu fesa wa wake maganin ƙwari, sun tayar da ƙura sosai, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni barkatai.

Ni dai na fi yarda da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Idan shugabannin kasuwar hatsi kamar Dawanau suka ce sai a buhun PICS mai ruɓi uku za a adana wake, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, maganar za ta fi takardar Abuja kama jiki. Kai ma in ka ji warin, kada ka tsaya ga mayar da kayan. Sanar da sarkin kasuwa, sannan ka kai samfur ofishin NAFDAC na jiharku.