Ƙara wa sojoji kuɗi zai kawo tsaro a Birnin Gwari?

Malam, ka tambaya ko ɗan majalisarku yana da gaskiya da ya ce idan aka ƙara kasafin kuɗin tsaro, 'yan bindiga za su kau. Wani ɓangare na maganarsa daidai ne. Sojan da alawus ɗinsa ke makara, motarsa ta lalace babu kayan gyara, ba zai shiga dajin Kamuku da ƙarfin gwiwa ba.

Amma a Kaduna ba rashin barikoki ke damunmu ba. Ga hedikwatar Runduna ta 1, ga barikin sojoji na Jaji, ga masana'antar makamai ta DICON da aka kafa tun 1964. Duk da haka aka kutsa cikin makarantar horas da hafsoshin soja ta NDA a Agustan 2021, aka kuma tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022. Jiragen yaƙi na Super Tucano 12 ma sun iso daga Amurka a 2021. Kayan aiki ba tare da sahihan bayanan sirri ba kuwa, mun ga abin da ya haifar a Tudun Biri a Disamban 2023, inda jirgin soja mara matuƙi ya kashe masu taron Maulidi bisa kuskure.

Majalisa ba amincewa da kasafi kawai take yi ba, ranka ya daɗe, tana da kwamitocin da ke bin sawun yadda aka kashe kuɗin. Ba mu manta badaƙalar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai ba. Don haka ka tambayi ɗan majalisar: na bara nawa aka saki, me aka sayo, kuma nawa ya isa hannun ƙananan sojojin da ke bakin daga?