Filin Tambaya da Amsa: Ina 2,147,483,647 ta samo sunanta?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhaja. Na sa kwamfuta ta riƙa ƙara ɗaya-ɗaya a kan lamba, tana kaiwa 2,147,483,647 sai ta faɗo ƙasa da sifili. Wace irin lamba ce wannan? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗana, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Gurabe 32 ta ware wa lambar, kowanne 0 ko 1 kawai yake ɗauka. Guda ɗaya aikinsa nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, saura 31. In duk 31 ɗin suka cika da 1, lambarka ke nan. Ka ƙara ɗaya sai ya malala cikin gurbin alama. Shi ya sa masana ke ta gyaran tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, don ƙirgarsu za ta cike ranar 19 ga Janairu 2038.

Amma ni abin da ke burge ni da ita ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Ka jera 2 guda 31 ka ninka su, ka cire 1, ita za ka samu. A wasanmu na cika ko mara, mara ce. Ka tara alƙalumanta, 46 ne, ke nan 3 ba ta raba ta. Kai, babu ma lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan da ake samu ta ninka 2 a cire 1 ana kiransu da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1648. Jerinsu ya fara da 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071, 524,287, taka ce ta takwas. Kada ka ɗauka kullum dabarar na ci: jera 2 guda 11 ka cire 1, za ka ga 2,047, wadda 23 sau 89 ce.

Leonhard Euler, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Switzerland, shi ne ya tabbatar da rashin rabuwarta a 1772, a lokacin idanunsa sun riga sun tafi. Bai bi lambobi biliyan biyu ɗaya bayan ɗaya ba. Ya san in tana da mai raba ta, dole a sami ɗaya da bai wuce 46,340 ba, kuma dole ya bar saura 1 in an raba shi da 62. Nan da nan aikin ya ragu ƙwarai. Har 1867 ba a san wata marar rabuwa da ta fi ta girma ba.

Tana kuma haifar da kammalalliyar lamba, irin 6 da 28, waɗanda masu raba su (ban da su kansu) ke taruwa su ba da su daidai: 1 da 2 da 3 shida ne. Ninka lambarka da 1,073,741,824 za ka sami irin wannan kammalalliya, sai dai ka sauya wa kwamfutar gurabe 64 tukuna, don amsar alƙaluma 19 ce.