Gano asalin dangi a Ayilan: shin gobarar 1922 ta toshe hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Manchester, matata kuma 'yar Ingila ce. Kakan mahaifinta daga Ayilan ya zo wajajen 1885, ɗan Katolika ne, sunan gidansu Murphy, an ce daga Cork yake. Yaranmu sun san salsalata, suna son sanin ta mahaifiyarsu, amma an ce mana takardun ƙasar duk sun ƙone. Ko akwai dabara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaran albarka. Dabara kam akwai, kuma wanda ya ce muku duka sun ƙone ya zuzuta zancen.

Gobarar dai gaskiya ce. A ranar 30 ga Yuni, 1922, farkon yaƙin basasar ƙasar, wuta ta cinye gidan adana takardun gwamnati da ke harabar Four Courts a Dublin. Nan aka yi asarar kusan duk takardun ƙidayar jama'a na 1821, 1831, 1841 da 1851, da wasiyyoyi na ɗaruruwan shekaru, da rajistocin cocin Angilika masu yawa. Takardun ƙidayar 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce ta lalata su da hannunta tun kafin gobarar. Abin takaici ne ƙwarai. Amma rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ba ta cikin ginin, rajistocin Katolika kuma suna hannun limaman coci, don haka wuta ba ta taɓa su ba. Kakan naku a cikin waɗannan yake.

Babbar matsalarku ita ce wuri. Murphy shi ne sunan gida mafi yawa a Ayilan, Cork kuma ita ce gunduma mafi faɗi, ga birni mai wannan suna. Neman Murphy a Cork tamkar neman Malam Musa ne a Kano. An raba ƙasar zuwa ƙananan yankunan karkara da ake kira taunland, sama da 60,000, wani gidaje kaɗan ne kacal a cikinsa, kuma da su ake rubuta adireshin mutanen ƙauye. Sai kun samo sunan taunland ko na cocin unguwarsu kafin takardun su yi muku amfani.

Saboda haka, a Ingila za ku fara. Ku zauna da dattawan dangin uwargida, ku duba tsofaffin wasiƙu da bayan hotuna da dutsen kabari. Ku nemo takardar aurensa, domin tana ɗauke da sunan mahaifinsa da sana'arsa. Sannan ku duba ƙidayar Ingila ta 1911: a ƙidayoyin baya galibi sunan ƙasar kawai ake rubutawa, amma a wannan an nemi mutum ya faɗi gunduma da gari. Idan ya yi soja, takardun aikinsa kan ambaci inda aka haife shi.

Da zarar wuri ya samu, sai ku tsallaka zuwa takardun Ayilan. Rajistar gwamnati ta kowa da kowa ta fara ne a 1864, kuma ana ganin hotunanta kyauta a irishgenealogy.ie. Takardar haihuwa ce ta fi daraja, don tana nuna taunland, da sunan uba, da sunan gidan su uwa kafin aure. Ta mutuwa ba ta cika ƙara komai ba. Idan kafin 1864 aka haife shi, sai rajistar baftisma, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ya ɗora a intanet a 2015, akasari zuwa 1880. Da yawansu da Latin aka rubuta, inda James ya koma Jacobus, William ya koma Gulielmus. Ku riƙa lura da sunayen shaidun baftisma, sau da yawa kawu ne ko gwaggo, kuma su ne ke raba Murphy ɗinku da na maƙwabta. Wata al'ada da ke taimakawa: ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba.

Ƙidayar Ayilan ta 1901 da ta 1911 sun tsira, suna nan kyauta a shafin Hukumar Adana Takardun Ƙasa, a nan za ku ga 'yan'uwan da ya bari a gida. Sai dai kada ku riƙe shekarun da aka rubuta da ƙarfi. An fara biyan fanshon tsufa a 1909 ga masu shekara 70, wasu suka ƙara wa kansu shekaru, shi ya sa za ka ga wanda ke da 52 a 1901 ya zama mai 70 da ɗoriya a 1911. Ku bar ratar shekara biyar gaba da baya a duk binciken da za ku yi.

Domin mahaifinsa ko kakansa, akwai kundin kimanta filaye na Richard Griffith, wanda aka wallafa tsakanin 1847 da 1864. Yana lissafa mai riƙe da kowace gona ko gida, da wanda yake biya haya, da faɗin filin, kuma akwai taswira tare da shi. Ga yawancin iyalan Katolika na karkara, sawu yakan ɓace ne wajajen 1820 zuwa 1830, lokacin da coci-coci da dama suka fara rajista. Idan kun samu takardar auren nan, ku turo mini sunan uban da sana'arsa mu duba tare.