Ta ina mai son binciken enzayim zai fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka gama digirin farko a bayokemistiri, kana son ka zama mai binciken siffar enzayim (furotin da ke hanzarta sauyin sinadarai a jikin halittu) da yadda yake aiki, amma ka rasa ta inda za ka kama.

Ka fara da aikin hannu. Koyi tace furotin har ya fita tas, domin enzayim mai gauraye zai ruɗe ka a kowane awo. Sannan ka laƙanci lissafin Michaelis da Menten na 1913: saurin aikin enzayim na ƙaruwa yayin da ake ƙara masa abin da yake sarrafawa, har ya kai inda ba ya ƙara gaba.

Wajen gano siffa ake shan wuya, domin sai an mayar da enzayim kiristal kafin a haska shi da X-ray a ga siffarsa. James Sumner ya mayar da enzayim kiristal tun 1926, amma sai 1965 David Phillips da abokan aikinsa suka fitar da siffar laisozayim, wani enzayim na farin ƙwai, ta hanyar hasken X-ray. Za ka iya shafe watanni kana leƙa ɗigon ruwa a maikuroskof, ko ƙwayar kiristal ɗaya ba ta fito ba. Aikin ya gaji haka.

AlphaFold, manhajar kwamfuta mai zana siffar furotin, na taimakawa ƙwarai, sai dai hasashe yake bayarwa, dole ka tabbatar da gwaji. Kada ka riƙa daskarar da enzayim kana narkar da shi, yana rage masa ƙarfi. Rubuta zafi da pH (ma'aunin tsamin ruwa) na kowane gwaji.

Kafin digirin digirgir, ka binciki malamin da zai duba aikinka, ka ji ta bakin ɗalibansa. Fassarar bayanan X-ray da sarrafa sinadarai masu haɗari kuwa, ka zauna kusa da ƙwararre tukuna.