Jinin cizon kumatu: alwala, salla da azumi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Wata guda ke nan da na ciji cikin kumatuna ina cin abinci, wurin ya kumbura. Tun daga nan kusan kullum sai na sake cizonsa, har jini ya fito, wani lokaci ina cikin salla. Ga shi ina ramuwar azumi. Ina matsayin alwalata da azumina? Kuma an ce in je a goge mini haƙorin da ke kama wurin, ni kuwa na ji an ce an tsine wa masu fiƙe haƙori.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa.

Alwalarki tana nan. A mazhabar Imamu Malik jinin da ya fita ta wani wuri ban da mafita biyu ba ya warware alwala, shi ya sa ba ki gan shi a jerin masu warwarewa cikin littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Ahalari ko Risala ba. Imamu Shafi'i ma a kan haka yake. Hanafawa ne suka ce idan jinin ya kai yawan yawu ko ya rinjaye shi sai a sake alwala. Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne na farko, domin Bukhari ya ambata cewa sahabi Abdullahi ɗan Abu Aufa ya tofar da jini, ya ci gaba da sallarsa. Mas'alarki ke nan daidai. Ki riƙe hankici, ki tofar a ciki, ki ƙarasa sallarki. Ɗan abin da ya taɓa hijabi, in bai kai faɗin dirhami ba, an yi rangwame a kansa.

Azumi kuma, fitar jinin ba ta karya shi, haɗiyewa ce abin dubawa. Idan kin ji ɗanɗanonsa ki tofar, ki kurkure baki ba tare da kai ruwa maƙogwaro ba. Wanda ya wuce da yawu ba da nufinki ba, babu komai a kanki, don Allah ya ce bai sanya muku ƙunci a addini ba (Hajji, aya ta 78). In kuwa kina iya tofarwa kika haɗiye da gangan, ki sake wannan ranar. Maganin shafawa ki bari sai an sha ruwa. Shehu Halil, malamin Malikiyya mai littafin Muhtasar, ya lissafa sa wa haƙori magani da rana cikin makaruhan azumi, sai idan ana tsoron cutuwa.

Amma ni abin da ya fi damuna wata gudan nan ne. Naman da aka ciza yana kumbura, kumburin ya tura shi tsakanin matauna na sama da na ƙasa, sai a sake cizonsa, ya ƙara tashi. In aka daɗe a haka wurin yakan yi tauri ya zama ƙullutu, wanda sau da yawa sai an yanke. Mafarinsa kan zama cin abinci da gaggawa ana hira, ko haƙori ya gutsure ya yi kaifi, ko haƙoran can ƙurya da ke fitowa tsakanin shekara 17 da 25 su fito a karkace, ko haƙorin roba da bai zauna daidai ba. Wasu cikin barci suke cizon haƙora ba su sani ba, wasu kuma taunar kumatu ta zame musu al'ada in suna cikin damuwa.

Ki riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya, bayan kowane cin abinci. Ki koma tauna ta ɗaya ɓangaren, a hankali. Ki ɗan haƙura da yaji, da tsami, da shayi mai ƙuna, da ƙanzo da ƙuli-ƙuli, ki bi kunu da fate har wurin ya saɓe. Na sani mai buɗa baki ba ta son jin wannan. Duk ciwon baki da ya wuce mako 2 bai warke ba likitoci suna so a kai musu su duba, don ciwon dajin baki yakan fara da kamannin ƙaramin gyambo, musamman ga masu taba da giya. Ba ina cewa shi ke gare ki ba, amma kin riga kin wuce wa'adin. Annabi (SAW) ya ce bayin Allah su nemi magani, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Usama ɗan Sharik.

Batun tsinuwa, hadisin Ibnu Mas'ud ne a Bukhari da Muslim, kuma ya ƙayyade ta ga masu fiƙe haƙora su yi wushirya don ado. Goge kaifin haƙorin da ke yanka ki, ko cire shi, ko sa robar kariya da dare, magani ne, kuma halal ne. Ko da kina azumi aka yi, Majalisar Fiƙihun Musulunci a zamanta na Jidda a 1997 ta ce aikin haƙori ba ya karya azumi muddin ba a haɗiye abin da ya kai maƙogwaro ba. Tunda ramuwa kike yi, ki zaɓi ranar da ba ki ɗauki azumi ba ki je. Wallahu a'alam.