Amsa ga Kawu: abin da ya sa na mayar da kifin nan ruwa

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Saƙonka na murya ya iso, har sau uku na saurare shi. Ka ce tun da aka nuna maka hotona durƙushe cikin kogi riƙe da kifi mai tsawon hannu, aka kuma gaya maka sakinsa na yi ya tafi, abin ya tsaya maka a rai, don jikan Sarkawa ba ya wasa da abinci. Sannan ka tambaya, in kifin ne ya yi ƙaranci, me ya hana mu ƙyanƙyashe shi mu zuba, yadda masu kiwon tarwada suke yi a Yauri.

Kifin sunansa samon, kuma rayuwarsa ce tushen maganar. Cikin tsananin sanyin Nuwamba da Disamba macen take haurowa har can saman kogi, inda ruwa bai kai gwiwa ba, ta tona rami cikin tsakuwa da jelarta, ta zuba ƙwai dubbai, namiji ya bi, ta rufe. 'Ya'yan sukan yi shekara biyu ko uku a kogin kafin su gangara teku, wasu har gaɓar Girinlan. Bayan shekara ɗaya zuwa uku sai su juyo, ƙamshin ruwan da aka haife su ciki yana jan su, su dawo kogin nan dai ba wani ba. Wanda ka gani a hannuna mace ce, cikinta cike da ƙwai, ta kusa isa gida bayan tafiyar dubban kilomita.

A nan Sikotland kamun samon haƙƙi ne mai mai shi, kamar gona. Ƙungiyarmu ta masu fatsa haya take karɓar wani yanki na kogin garinmu, kowa ya biya kuɗin shekara a ba shi takarda. Akwai direban bas a cikinmu, akwai mai gyaran famfo, akwai tsofaffin da suka yi ritaya, sai ni ɗan Yauri ɗaya tilo. Doka ta hana kamun samon ranar Lahadi. Tun 2002 ta hana sayar da wanda aka kama da fatsa. Tun 2016 kuma ake raba koguna aji uku kowace shekara, wanda ya faɗa aji na uku duk abin da ka kama dole ka sake. Namu yana ciki. Ka san yadda Sarkin Ruwa yake hana taɓa Matan Fada a Argungu sai ranar biki, kowa kuma ya bi? Da na gaya wa 'yan ƙungiyarmu wannan, nan take suka gane, har suka ce in nuna musu hoton giwan ruwa.

Ƙarancin kuwa ba zancen baki ba ne. A 1922 wata mace, Georgina Ballantine, ta fito da samon mai nauyin kusan kilo 29 daga kogin Tay, har yau ba wanda ya wuce ta da fatsa a Birtaniya. A Disamba 2023 kuma sai ga samon na Birtaniya an sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Shawararka ta ƙyanƙyasa, Kawu, ita ce ta raba kan ƙungiyarmu shekara da shekaru. Da na shiga, muna da wata 'yar rumfa a bakin kogi mai kwatami da famfo. Duk kaka a kamo mata da maza, a matse ƙwan cikin roba, a gauraya, a jera a faranti ruwan sanyi yana bi ta kai. Na yi wannan aikin da hannuna, yatsuna sun ƙage don sanyi, ina tsince ƙwan da ya mutu ya yi fari ɗaya bayan ɗaya don kada ya ruɓar da sauran. Ran da muke ɗaukar 'ya'yan a bokiti mu zuba a rafuka, farin cikin ba ya faɗuwa.

Amma kifin da ke dawowa bai ƙaru ba. Masana suka zo taronmu suka yi bayani, ni kuwa ya shige ni, don ban ga inda suka kauce ba. Uwar da muka kamo, da mun bar ta ita ma ƙwan za ta zuba, a wurin da ta zaɓa, da mijin da ya ƙwace ta da ƙarfinsa. Mu ne muka yi mata auren dole a cikin roba. Ɗan da ya tashi a kwatami abinci daga sama yake faɗo masa, bai san tsuntsu mai cin kifi ba, bai san ambaliya ba. Kaɗan ne suke kai labari a teku, waɗanda suka dawo kuma su haɗu da na daji su raunana irin. Tarwadarka daga kwatami sai tukunya, ba inda za ta. Wannan kuwa teku zai ƙetare ya komo. Yankin Wels ya yanke shawarar daina zuba samon a kogunansa tun 2014. Inda na ga hujjar ƙyanƙyasa ita ce irin ta gidan ƙyanƙyasa na Kielder a kogin Tyne na Ingila, inda dam ya cinye wuraren zuba ƙwai, aka riƙa biyan diyya da 'ya'yan kifi.

Muka kaɗa ƙuri'a aka rufe rumfar. Wani dattijo da ya yi shekaru yana kula da ita bai sake zuwa taro ba, kuma har yau in na tuna shi sai in ji ba daɗi.

Yanzu ƙarfinmu a kan kogin kansa yake tafiya. Ranar Asabar muna dasa itatuwa a gaɓa, don zafin bazara ya fara yi wa kifin yawa, inuwa kuwa tana sanyaya ruwa. Masu kula da kogin Dee ma sun ɗauki aniyar dasa bishiya miliyan ɗaya saboda haka. Muna kafa shinge don shanu su daina rusa gaɓa suna cika tsakuwa da laka, saboda ƙwan da laka ta rufe shaƙewa yake. Muna tona ƙasan ruwa da ƙafa, mu tare ƙwari a raga mu ƙirga, in sun ragu mu san wani ya zubo guba daga sama. Kogin Clyde da ya ratsa Gilasgo sai da ya yi fiye da shekara 100 ba samon saboda dattin masana'antu, da ruwan ya gyaru a farkon shekarun 1980 kifin ya dawo.

Batun wasa da abinci, ni ma ya dame ni, ban kuma raina shi ba. Abin da nake yi shi ne in danne haƙorin ƙugiyata don ta fita salin-alin, in jiƙa hannuna kafin in taɓa kifin, kada in raba shi da ruwa sai na ɗan lokacin ɗaukar hoto. In ruwa ya yi ɗumi ba na fita ko kaɗan. Waccan ta hoton na riƙe ta kanta yana fuskantar inda ruwa ke zuwa, ina ji tana numfashi a tafina, har ta buga jela ta zame. A Disamba na hau saman rafin ƙirgar ramukan ƙwai, na iske tsakuwa sabuwar tonawa a ƙarƙashin itatuwan da muka dasa.

A gaishe min da Inna da su Baba ƙarami. In mai zuwa ya samu, a aiko min da busasshen kifin Yauri.