Firij ya cika da ragowar abincin biki: in sake cefane ko in haƙura?

Tambayoyin wannan mako kusan duk a kan abu ɗaya suke. Biki ya watse, baƙi sun koma gidajensu, an bar masu gida da tukwane da robobi maƙil da abinci. Ga waɗanda na zaɓo.

Wata uwargida mai 'ya'ya uku ta rubuto: "Na yi girki da yawa saboda baƙi, ko rabi ba a ci ba. Akwai soyayyar kaza, gasasshen nama, dafaffen kayan lambu, ga burodi ya fara tauri. Yara sun ce sun gaji da ganin abinci ɗaya, maigida kuma ya ba ni kuɗin cefanen mako kamar yadda ya saba. In tafi kasuwa ne ko in tilasta musu su cinye?"

Uwargida, riƙe kuɗin nan tukuna. Yau ba ranar kasuwa ba ce, kuma ba sai kin tilasta wa kowa ba. Abin da ke cikin firij ɗinki an riga an biya kuɗinsa, an biya na wutar da ta dafa shi, ke kuma kin biya da tsayuwar da kika sha a kicin. Da zarar kin shigo da sabon cefane, shi zai zauna a gaba, tsohon a tura shi can ƙurya, bayan kwana biyar ki buɗe roba ki toshe hanci. Yawancin asarar abinci a gida haka take faruwa, a hankali, ba tare da wani ya yanke shawarar zubarwa ba. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Rahoton da UNEP, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a shekarar 2022, kuma kashi 60 cikin 100 daga cikin gidaje ya fito, kimanin kilo 79 kan kowane mutum a shekara. Abin da ya fi ba ni mamaki a rahoton shi ne, tsakanin ƙasashe masu arziki da masu matsakaicin hali bambancin bai taka kara ya karya ba.

Abin yi na farko, fito da komai ki jera a kan tebur, ki gani da idonki. Sannan ki tsara cin sa bisa wanda zai riga lalacewa, ba bisa wanda aka fi marmari ba. Kifi, shinkafa da duk wani haɗin da aka sa wa mayonis ko madara su ne na yau. Dafaffen nama da kaza na biye. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ba dafaffen abinci kwana 3 zuwa 4 a firij, hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya kuma ta fi tsanantawa, ta ce kwana 2. Ki ƙirga bakunan da ke gidan da gaskiya: abin da kika san ba zai ciwu a cikin waɗannan kwanaki ba, ki kasa shi ƙanana ki sa a firiza yau ɗin nan. Firiza tsayar da abinci take yi a halin da ta karɓe shi. In kika kai mata shi a kwana na huɗu, abinci mai kwana huɗu za ta dawo miki da shi.

Batun yara kuwa, kamannin abincin ne ya gundure su. Kazar da suka gani jiya da shekaranjiya a faranti ɗaya, ki zare tsokarta daga ƙashi, ki yayyanka, ki soya sama-sama da albasa, ki juye a taliya ko ki cusa a burodi, ki ga ko wani zai ce ya gaji. Ƙasusuwan kada su tafi shara: tafasa su kamar awa biyu da albasa da karas, ki tace, kin samu romon da zai ɗaga duk abin da kika dafa da shi. Dafaffen kayan lambu a fasa musu ƙwai a soya, karin kumallo ya samu. Burodin da ya yi tauri bai lalace ba, ki tsoma shi a kaɗaɗɗen ƙwai da madara ki soya, ko ki ƙarasa busar da shi ki daka ki ajiye garin don shafa wa abin suya.

In ma za ki taɓa kuɗin, ki taɓa kaɗan: albasa, ƙwai, lemon tsami, ɗan ganye. Sharaɗina guda ne, duk abin da za ki saya ki iya faɗin ragowar da zai shiga cikinta. In ba ki iya faɗa ba, bar shi sai mako mai zuwa.

Wani magidanci ya tambaya: "Babbar tukunyar miyar nama ta kwana a kan murhu ba a sa a firij ba, shinkafa kuma tana cikin kula tun jiya da rana. Mun shinshina, ba wari, ba tsami. Iyalina ta ce a tafasa sosai a ci, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Zubarwa asara ce babba. Ya zan yi?"

Malam, hankalinka ya gaya maka gaskiya. Duk da nasihar da na gama yi a sama, waɗannan biyun a zubar da su. Na san akwai zafi, musamman da nama a ciki, amma kada garin neman ƙiba a samo rama.

Hanci ba ya iya wannan aikin. Ƙwayoyin da ke sa abinci wari da yauƙi daban suke da waɗanda ke sa amai da gudawa, kuma na biyun suna iya cika tukunya ba tare da ƙamshi ko ɗanɗano ya sauya ba. Suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, wasunsu suna ninka yawansu duk bayan minti 20. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje: ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5, ko ya zauna da zafinsa sama da digiri 60. Inda ake zafi sama da digiri 32, ƙa'idar Amurka ta rage lokacin zuwa awa 1.

Babbar tukunya ta fi ƙarama haɗari, domin tsakiyarta kan daɗe da ɗumi-ɗumi ko da gefenta ya huce. Akwai wata ƙwaya mai suna Clostridium perfringens da ta fi son irin wannan wuri, nama da miya masu yawa da aka bari suna hucewa a hankali. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta lura cewa ɓarkewarta ta fi yawa a watannin Nuwamba da Disamba, lokacin manyan girke-girken bukukuwa a can.

Maganar iyalinka cewa tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta haka take, sai dai ba ta ƙare a nan ba. Wasu ƙwayoyin suna barin guba a cikin abinci, gubar kuma wuta ba ta karya ta. Shinkafa ce ta yi suna a wannan. Ɗanyarta kan zo da ƙwayar Bacillus cereus a cikin wani ƙoƙo mai jure dahuwa. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe cikin ɗumi, kamar a kular da zafinta ya sauka, sai ƙwayar ta farfaɗo ta saki guba. Ko an sake turara ta har tana tururi, gubar na nan, amai kuma kan fara cikin 'yan sa'o'i bayan an ci. Haka ma ƙwayar Staphylococcus, wadda ke shiga abinci daga hannun mutane, kuma ka san yawan hannayen da ke shiga tukunyar biki. Shawarar hukumar Birtaniya a kan shinkafa ita ce a sanyaya ta cikin awa 1, kada ta wuce kwana 1 a firij kafin a ɗumama, kuma ɗumame sau ɗaya.

Za ka ji wani ya ce shi kullum haka yake yi, bai taɓa ganin komai ba. Yana iya zama gaskiya, babba mai lafiya sau da yawa ciwon ciki na yini ɗaya ne ya wuce. Amma a gida akwai ƙananan yara, tsofaffi, mai juna biyu ko mai jinya. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo ta hanyar gurɓataccen abinci a shekara, 420,000 su mutu, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

A gaba, da an gama rabon abinci a juye ragowar a faffaɗan mazubai marasa zurfi, kamar santimita 5, don su huce da wuri. Ba sai an jira ya yi sanyi ƙalau kafin ya shiga firij ba. In za a ɗumama, a ɗebi iya wanda za a ci, a juya shi har tsakiyarsa ta ɗau zafi sosai. Mai ma'auni ya nemi digiri 74. Gidan da ba firij kuwa, mafita ita ce a rabar tun ranar da aka dafa.

Wata ma'aikaciya da ba ta daɗe da aure ba ta ce: "Ganin abincin da muka yi asara a wannan biki ya sa nake tunanin sayen firiza. Ko ya dace?"

'Yar uwa, in saboda biki kaɗai ne, a'a. Na'urar da za ta sha wuta wata 12 don ta yi miki aikin mako ɗaya ko biyu ba ta biya kuɗinta ba. Firiza tana amfanar gidan da ke girki da yawa a kai a kai, ko ke sayen nama da kifi a dunƙule. In haka gidanki yake, saya, kuma ki duba mai buɗewa ta sama, don sanyi ba ya zubewa daga cikinta duk lokacin da aka ɗaga murfi kamar yadda yake yi a mai ƙofa.

Ki kuma yi lissafin wutar lantarki a inda kike. In aka ɗauke wuta ba a buɗe ƙofa ba, firij kan riƙe sanyinsa kamar awa 4, cikakkiyar firiza awa 48, wadda take rabi awa 24. In ɗaukewar da ake muku ta saba wuce haka, kuɗin firiza ba ya tsayawa a kanta, sai kin haɗa da abin da zai riƙe ta.

Da ni ce, da ƙananan abubuwa zan fara: faffaɗan robobi masu murfi waɗanda ake ganin cikinsu, salatif da alƙalami don rubuta suna da kwanan wata, da ɗan ma'aunin sanyi na firij. Ɗakin ƙanƙarar da ke saman firij ɗinki yana ɗaukar fiye da yadda kike zato in kika shimfiɗa abinci a leda ya daskare a baje. A digiri 18 ƙasa da sifili abinci ba ya zama haɗari, amma daɗinsa kan ragu bayan wata 3 zuwa 4. Latas, kokwamba, haɗin mayonis da dafaffen ƙwai ba sa jure daskarewa, a cinye su kawai. Narkarwa kuma a cikin firij ake yi, ko a ruwan sanyi da ake sauyawa duk minti 30, ba a kan tebur ba.

Wani ɗalibi ya tambaya: "Kantuna sun karya farashin kayan da suka rage musu bayan biki, wasu kwanan watansu ya kusa. In kwasa?"

Ɗan'uwa, kantin ma ragowarsa yake neman rabuwa da ita, kai kuma ga taka a ɗaki. Duba rubutun da ke jiki. "Use by" maganar lafiya ce, ana sa shi a kan irin su ɗanyen nama, kifi da madara, kuma ba a ci bayan ranar ta wuce. "Best before" maganar inganci ce: biskit, taliya ko abincin gwangwani suna ciwuwa bayan ranar in an adana su da kyau, sai dai ɗanɗano ya ɗan ragu. Saboda haka busassun kaya da na gwangwani da dama kana amfani da su, ɗauki. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotsa a wajen haɗinsa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ɗanyar kaza mai rangwame kuwa kwana 1 zuwa 2 kawai take yi a firij, in ba ka da wurin daskarar da ita yau, bar musu kayansu.

Ta ƙarshe, daga wata dattijuwa: "Burodi ya yi fumfuna a gefe ɗaya. In yanke wurin in ci sauran?"

A'a, Mama. Burodi laushi gare shi, saiwar fumfunar kan ratsa ciki fiye da inda ido ke gani, don haka duka za a yar. Yankewa tana yiwuwa ne a abu mai tauri kamar karas ko kabeji, a cire kamar santimita 2 da rabi kewaye da wurin. In kina da wani burodin daban da fumfuna ba ta taɓa ba, ki yanka shi ki sa a firiza, ki riƙa ciro iya na shayi. Firij kam saurin taurara burodi yake yi.